Ranar da Aka Hana Ni Zuwa Yankan Riɗi

Hillat Bawa, gabas da Suki
Ranar Laraba

Zuwa ga ƙanwata Hajiya Habi, a Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da 'yarki Asma'u da maigidanta da jikokinki duka. Allah Ya sassauta miki ciwon gwiwar nan da muka gada wurin Inna, wanda ni ma ya fara gaishe ni kowace safiya. Mu nan sai godiya. Uwargidana Ruƙayya ta warke daga zazzaɓin damina har ta koma yi mini faɗa, kin san kuwa wannan ita ce alamar lafiyarta. Kogi ya fara ja da baya, dawa ta fid da kai a hawasha, gonarmu ta ban ruwa, tur'ar da ke kawo mata ruwa daga kogi bana ba ta yi mana rowa ba. Mu'minat matar ɗanki tana lafiya da yaranta biyu, ƙaramar ta fara tafiya, kuma inda ta fi nufa shi ne tukunyar miya.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina, tunda waya ta raba mu da alƙalami. Dalili shi ne maganar waya a gidanku ta kowa ce. Kina dannawa muryata za ta cika falo, Asma'u ta ji, maƙwabciya ta ji, mai kawo ruwa ma ya tafi da rabonsa. Malam Mustafa limaminmu zai taso Umra ranar Lahadi, shi zai damƙa miki wannan a hannu. Lokaci kuwa yau ina da shi har ya yi mini yawa. Garin nan duk ya tafi yankan riɗinmu tun da hantsi bai yi ba, ni mai gonar an bar ni a gida tare da kaji. Yadda aka yi haka shi ne abin da zan ba ki labari, sai ki gyara zama, don kin san ban iya gajeriyar hanya ba.

Shekara uku ke nan, ina zaune wurin shayin Dije a bakin tashar Suki, na ji wata jita-jita. Wasu 'yan ƙwadago ne ke hira a bayana, ba su san ko ni wane ne ba. Ɗaya ya ce wai ƙarfin Bilyamin na Hillat Bawa ba nasa ba ne, na saye ne, a aljihu yake ajiye shi. Na juya na dube su, na yi dariya, na ce a raina hassada ce irin ta ragwaye. Dije ta zuba mini shayi ta ƙi kallona, ni kuwa na ɗauka hayaƙin gawayi ne ya shiga idonta. Ɗanki na fari, wanda ba kya faɗin sunansa, ni na yi masa huɗuba, ni na koya masa riƙon lauje bayan rasuwar ubansa. Yaya za a yi wasu baƙi su san abin da ke aljihunsa ni ban sani ba?

Kin daɗe da barin noma, bari in tuna miki halin riɗi. Dawa tana jiran mutum, gyaɗa tana jira a ƙasa, riɗi ba ya jiran kowa. Ranar da ganyensa ya yi rawaya ya fara zuba, kwana kaɗan gare ka ka yanke shi, ka ɗaure, ka jingina dammunan su bushe a tsaye. Ka makara, kwanson ya buɗe baki, wahalar shekara ta zube ƙasa tururuwa da kurciya su yi biki. Gonarmu ta wajen Dindir kuwa kin san faɗinta. To a wannan gona Bilyamin yake yanka rabon mutum uku, daga fitowar rana har faɗuwarta, ba ya zama cin abinci sai a tsaye. Ni kuma in hau bayan lorin Gado in buɗe murya ina masa kirari: bijimin Habi, mai gajiyar da lauje, wanda rana ke faɗuwa ta bar shi a tsaye. Mutane su yi shewa, shi ya ƙara sunkuyawa. Duk shekara sabon lauje nake saya masa daga maƙerin Sinja, in miƙa masa a gaban jama'a.

Sauran kin sani. Farkon daminar nan ya faɗi a bakin tur'a yana karkarwa, kumfa a baki, Gado ya ɗauko shi. Mu'minat ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin madara cike da ɓawon tiramol, ta ajiye a gabana. Muka kai shi Madani, gidan da ake kula da masu son rabuwa da ƙwaya. Sati biyun farko ba zan rubuta miki su ba, ya isa ki san cewa ya sha wuya kuma ya daure.

Da ya yi wata guda da rabi na je duba shi. Na tarar mai kula da shi, wata Daktora Lina, Balarabiyar Madani, sa'ar 'yata Rabi'atu, za ta zauna da shi da wata takarda. Na tambaya ko ta sallama ce. Ta ce a'a, awo ne. Na ce na ga an auna hatsi, na ga an auna gona, na ga an auna jini, yau me za a auna? Ta ce za a auna yadda shi da kansa yake jin ƙarfin zuciyarsa. Tambayoyi ne kusan talatin, kowace tana kawo masa wani hali na rayuwa. Idan ka je biki abokai suka miƙo maka. Idan kuka yi faɗa da iyalinka. Idan an yi maka rasuwa. Idan jikinka ya mutu aiki bai ƙare ba. Ba a tambayarsa ko zai sha, ana tambayarsa yaya ya amince da kansa cewa zai iya ƙi, daga babu har ɗari. Ta ce da wannan ne suke gane inda mutum yake da rauni, su yi aiki a kan wurin kafin ya koma gida, kuma ana maimaitawa bayan 'yan makonni a ga abin da ya motsa.

Nan na yi abin da duk dattijon garinmu zai yi. Na bi su cikin ɗakin, na nemi kujera mafi kyau, na zauna, na jingina sandata. Ai ɗana ne, za a yi masa tambayoyi, dole babba ya kasance a wurin. Daktora ta dubi ƙofa, ta dube ni, ta sake duban ƙofa. Ni na ɗauka iska take so, har na tashi na ƙara buɗe mata. Daga baya ta gaya mini ita ma tarbiyyarsu ba ta ba ta damar korar mai furfura. Ta fara karantawa. Bilyamin ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa, ya ce ɗari. Ta biyu, ɗari. Ta uku, ɗari. Da aka zo ta gajiyar aiki ban ma bari ya buɗe baki ba, na ce Daktora, wannan rubuta ɗari da ashirin, ba ki san ko wane ne a gabanki ba. Ta yi murmushi irin na mai ciwon haƙori, ta rubuta wani abu a gefe.

Na dawo gida kamar wanda ya dawo daga Arfa. Na faɗa a masallaci, na faɗa wurin Dije, na buga miki waya na ce an auna shi da takardar likita ya ci ɗari bisa ɗari, zai dawo kafin yankan riɗi. Kika yi guɗa har na janye wayar daga kunnena, kika ce za ki yi sadaka. To Habi, sadakarki tana nan wurin Allah, amma labarin da na ba ki ba gaskiya ba ne, kuma da hannuna na ƙera shi.

Bayan mako guda na koma da sabuwar jallabiya in ɗauko shi. Daktora ta zaunar da ni, wannan karon ita ta rufe ƙofa. Ta ce ba ta hana ni ɗaukarsa, ba fursuna ba ne, amma takardar nan ba ta gaya mata komai ba. Ta ce da a kasuwa na ga ma'aunin da duk buhun da aka ɗora masa nauyi ɗaya yake nunawa, zan yarda da shi? Na ce mun taɓa yin mai irin wannan ma'auni a Suki, bai ƙare lafiya ba. Ta ce to haka ne. Wanda ya ce mata a biki ina da ƙarfi amma in na yi fushi ba ni da shi, wannan ta san ta inda za ta kama masa. Wanda ya ce ɗari ko'ina, ko dai bai san kansa ba, ko yana ɓoyewa, kuma irinsu ta fi ganin an dawo da su. Ta ce ta sake zama da shi su biyu kawai. Abin da ya fara tambaya shi ne ko Kawu zai ga takardar. Ta ce ba zai gani ba sai da yardarsa. Ya sake jera mata ɗari-ɗari daga farko har ƙarshe. Ita a ganinta taurin kai ne.

Na ce mata Daktora, ba taurin kai ba ne, kunya ce, kuma ba irin wadda kika sani ba. Yaron da na rena ba ya cin abinci a gabana, ba ya miƙe ƙafa a gabana, bai taɓa ce mini ya gaji ba. Na riga na ji ɗari daga bakinsa, ni ma na ɗora tawa a kai. Idan ya rage ko ɗaya yanzu, a wurinsa ya ƙaryata kawunsa ke nan, ko ina ɗakin ko ba na nan. Ta ajiye alƙalami ta tambaya ko akwai wani mahaluki a duniya da ba ya jin kunyarsa. Na fara lissafi. Malam Mustafa, ya fi ni muni. Mu'minat, namijin garinmu ba ya nuna wa matarsa inda yake yoyo. Ke kuwa, ki yi haƙuri, ke ce ta ƙarshe a layi. Sai Allah Ya kawo mini Rabi'atu. Na ce akwai 'yata, shi ɗan ƙanwata ne, saboda haka taubasai ne, abokan wasa. Tun suna yara take zaginsa yana zaginta, ba mai fushi, ba mai shiga tsakani. Abin da liman ba zai iya gaya masa ba ita za ta faɗa tana dariya. Daktora ta sa na maimaita mata sau biyu, ta rubuta a littafinta, ta ce a duk karatunta ba a koya mata wannan ba. Ta tambayi Bilyamin ko ya yarda. Ya ce a kawo ta, daman ya kwana biyu bai ga mummuna ba.

Ranar Litinin muka tafi da Rabi'atu. Ta riƙe masa dabino a ƙullin mayafi. Ni aka ajiye ni a tsakar gida gindin darbejiya, inda nake jin sauti ba na jin magana. Abin da ya faru a ciki ita ta ba ni labari, da izninsa. Ta ce tana shiga ta ce masa bawan gidanmu, ashe hutu ka zo yi Madani, ga kumatu ka yi. Ya ce gara shi ya yi kumatu, ita shekara talatin tana ci ba a ga inda yake zuwa ba. Ta kwance dabinon da ta kawo masa, ta zauna a gabansa ta cinye goma, ta jera ƙwallayen a kan tebur. Ta ce wa Daktora a bar maganar ɗari, wannan tun a makarantar allo bai taɓa ƙirga abin da ya wuce yatsunsa ba. A karanta tambaya, shi kuma ya turo ƙwallaye gwargwadon yadda ya amince da kansa.

Aka karanta ta biki, ya turo goma duka. Rabi'atu ta ce kai, a bikina wa aka samu bayan rumfa yana rawa shi kaɗai bayan makaɗa sun tafi? Ta sa yatsa ta janye uku. Ya ce ƙarya take yi, wannan tun kafin ya fara ne, ya mayar da ɗaya. Suka yi ta ja har suka tsaya a takwas, Daktora ta tambaye shi ko takwas ɗin tasa ce ko ta Rabi'atu, ya ce tasa ce. Ta faɗa da iyali ya turo bakwai da kansa, Rabi'atu ta ce ai a wannan gida Mu'minat ce ta cancanci magani, ita da ke zama da shi. Ta rasuwa ya turo tara, ya ce mutuwa tana sa shi tsoron Allah. Ta haɗuwa da mai sayarwa, biyar. Ta gajiyar aiki ya daɗe yana juya ƙwallayen, sannan ya turo huɗu. Ni ina waje ina jin dariya tana tashi tana sauka, ina cewa a raina wane irin asibiti ne wannan.

Da takarda ta ƙare, Daktora za ta rufe, sai ya ce akwai tambayar da ba a rubuta ba. Bai dubi Daktora ba, Rabi'atu ya duba, yana murmushi kamar wani zagin zai ƙara. Ya ce ke baiwar Allah, idan ubanki ya hau bayan lori ya buɗe bakin nan nasa fa? Ta ce to turo mu gani. Ya sa yatsa ya turo ƙwallo ɗaya. Ya dube shi. Ya janye shi ya mayar cikin 'yan'uwansa.

Rabi'atu ba ta gaya mini wannan a Madani ba. Muka shiga mota tana ta surutun tsadar atamfa, har muka wuce Sinnar, sannan ta juya fuska wajen taga ta faɗa. Ta ce Baba, ya ce shekarar farko da ka yi masa kirari a gaban mutane, rana ta uku bayansa ya riƙe har ba ya iya miƙewa. Ya rasa yadda zai zauna a inuwa bayan an kira shi wanda rana ke bari a tsaye. Wani ɗan ƙwadago ya ba shi ƙwaya ɗaya. Tun daga nan, duk lokacin da ya ji muryarka ta tashi, sai ya zaga bayan lori ya ƙara. Ya ce gajiya yana iya faɗa da ita, amma ba ya iya bari ka ji kunya.

Habi, ba zan yi miki ƙarya ta biyu ba. Fushi na fara yi. Na ce wato ni ne mai sayar da ƙwayar ke nan? Ni da ban taɓa sa ko sigari a baki ba? Rabi'atu ta bar ni da motar da ramukan hanya. Kwana uku ina zagaya gida ina neman wanda zan ɗora wa laifi, na ɗora wa 'yan ƙwadago, na ɗora wa zamani, har ubansa marigayi na taɓa. Ruƙayya ta ce in na gama zagayen in zo in ci tuwo. Rana ta huɗu na shiga rumbu neman igiya, na ga laujunan nan uku rataye a jere, kowanne bakinsa ya cinye kamar an yi shekara goma ana aiki da shi. Na tsaya ina kallonsu. Lauje ƙarfe ne, ga yadda ya koma. Ban taɓa tambayar yadda bayan mai riƙe shi ya koma ba.

Ranar Juma'a bayan an sallame na miƙe a masallaci na ce jama'a, maganar da na yi muku a kan Bilyamin na yi gaggawa, yana samun sauƙi amma da saura, kuma riɗina ya kusa, ina neman nafir. Kin tuna nafir, gayyarmu ta da, wadda muka yi watsi da ita tun da muka samu mutum ɗaya mai aikin uku. Gado daga sahun baya ya ce Malam Salihu, ina ɗarin da ka kawo mana daga Madani? Na ce ɓera ya shiga buhun. Aka yi dariya, na haɗiye, kuma ba wanda ya ce ba zai zo ba.

Makon jiya aka sake awon, da ƙwallayen nan dai, don ya ajiye su a aljihu. Ta mai sayarwa ta hau shida. Ta yankan riɗi, idan Kawu ba ya wurin, ita ma shida. Idan Kawu yana wurin, ɗaya, kuma wannan karon bai janye ba. Na yi lissafi na ga ni kaɗai nauyin ƙwallon dabino biyar nake ci masa. Shi ya roƙi a ba shi kwana uku ya zo yankan. Ya ce in bai tsaya a gonar nan da idonsa biyu ba, ya ji yadda abin yake, to duk ranar da ya fito tsoronta zai ci gaba da yi. Daktora ba ta so ba, ta ce shida ba ta cika mata ciki ba. Suka yi ta magana kwana biyu, sannan ta yarda bisa sharaɗi. Ƙasimu mijin Rabi'atu ba zai rabu da shi ba. Layi ɗaya zai ɗauka kamar kowa. In ya gaji ya zauna. Ba mai yi masa kirari. Ranar Asabar ya koma Madani ya ƙarasa watansa. Na ƙarshe kuma, ta faɗa tana kallon takardarta, Kawu ya huta a gida.

To ga ni ina hutawa. Sau uku na sa takalmi tun safe. Na farko na ce zan duba akuya, na biyu na ce zan leƙa tur'a, na uku Ruƙayya ta ɗauke takalman ta zauna a kansu a bakin ƙofa tana tsintar shinkafa. Na ce mata ba kirari zan yi ba, daga nesa zan tsaya. Ta ce shekara arba'in tana aurena ba ta taɓa ganin na tsaya daga nesa da bakina a rufe ba. Abin da ke cina shi ne akwai wani mai babur da ke zagaya gonaki lokacin yanka, kowa ya san abin da ke cikin jakarsa, kuma ya san Bilyamin kamar yadda mai shago ya san babban mai sayensa. Na kai ƙara, an ce za a duba. Ga iska ta taso daga gabas, irin wadda ke buɗe bakin riɗi. Ina zaune ban san wanne nake wa addu'a ba, sai na ga ashe na sani, riɗin ya zube in ya ga dama.

Ga abin da nake roƙonki, don shi na ɗauki alƙalami. Idan kika kira shi, kada ki tambaye shi dami nawa ya yanka. Kada ki ce masa namijin gida, kada ki ce shi ne ya tsaya mana a madadin ubansa. Na san da ƙauna kike faɗa, ni ma da ita na hau lori. Ki tambaye shi ko ya ci abinci. In ya ce miki ya gaji, kada ki ce Allah Ya ƙara ƙarfi, ki ce ya kwanta. Kuma kada ki matsa a fito da shi kafin lokaci don gudun bakin mutane, bakin mutane na riga na tare shi a masallaci.

Na ajiye alƙalami na yi azahar da la'asar, ga shi na dawo, don labari ya fara shigowa. Dije ce ta fara isowa, ita ta je dafa wa 'yan nafir shayi, gawayinta ya ƙare ta biyo wata mota. Ta tsaya a zaure tana tafa hannu a hankali kamar mai ta'aziyya. Ta ce Malam, sai haƙuri, Bilyamin ya ƙare. Wai tun kafin rana ta take tsaka ya ajiye lauje ya zauna gindin aduwa, zufa kamar an tsamo shi daga kogi, har mata sun wuce shi a layi. Na ce Alhamdu lillahi. Ta dube ni kamar na taɓu. Bayanta Gado ya zo sauke kashin farko na mutane, ya ce mai babur ya zo bayan azahar, ya kashe inji daidai aduwar nan, ya gaishe da Bilyamin da sunansa, Ƙasimu kuwa ya zaga bayan gari a daidai lokacin. Ya ce ya ga Bilyamin ya miƙe tsaye. Na ce sannan fa? Ya ce sannan aka kira shi ya ja lori gaba, bai ga sauran ba. Na ce Gado, shekara ashirin kana ganin abin da ba ruwanka, yau ɗaya da aka buƙaci idonka ka kai shi wani wuri. Ya koma ɗauko sauran, ni kuma na kasa zama na kasa tsayuwa.

Bari in yi gaisuwa tun hannuna yana iya riƙe alƙalami. Ki gaishe mini da Asma'u da maigidanta, ki ce na gode da maganin ido. Ki shafa kan jikoki. Ruƙayya tana gaishe ki, ta ce turaren da kika aiko ya ƙare tun kafin Babbar Salla, ba roƙo take ba, labari take ba ki. Mu'minat tana gaishe ki da girmamawa, yarinyar nan ta riƙe gida shekara uku da abin da ta sani a cikinta, ki riƙa sa mata albarka. In kin shiga Harami ki ambaci sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, nawa ki maimaita.

Sun dawo, rana ta yi ja ba ta faɗi ba. Na ji lori, na koma kan tabarmata na ɗauki carbi kamar tun safe nan nake. Ya shigo a bayan kowa yana tafiya kamar tsoho, ya durƙusa daga nesa ya gaishe ni, na amsa, na ce sannu, na kama bakina da kyar. Ya ja jiki ya kwanta rubda ciki a tabarmar da ke bakin madafa, inda Rabi'atu ke wanke ƙafa, taku biyar daga inda nake. Ya ɗaga murya yadda kurma ma zai ji, ya ce ke mummuna, in kin ga ubanki ki gaya masa bijiminsa rabin layi ya yanka, kuma bayansa kamar an yi masa dukan sussuka. Ta ce ai ta gani, rago, da mai babur ya zo wa ya gudo cikin tsofaffin mata yana taya su ɗaurin dami? Ya ce shi ne, kuma a nan ya zauna har babur ya tashi, don ya san ko shaiɗan ba ya ratsa tsakiyar tsofaffin garin nan. Ta ce to gobe nawa? Na ji ƙarar ƙwallaye a kan tabarma. Ya ce biyar. Ta ce da safe ai shida ne. Ya ce da safe bai ji ƙarar babur ɗin ba tukuna.

Biyar ne, Habi, kuma gobe ma ina gida. Dije ta kawo nata, Gado ya kawo rabi, amma wannan ba daga bakin tasha na samo shi ba. Wanda ya gaya mini na ƙarshe Bilyamin ne, yana kwance, ƙafafunsa a miƙe a gabana.

Wassalam. Allah Ya sada mu da alheri.

Yayanki,
Salihu